Cin Amarci A Tsibiri, Biyan Bashi A Gida

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da ƙananan ma'aikata. Wata sabuwar ɗabi'a ce ta shigo mana, wadda muka ga ya wajaba mu yi magana a kanta tun ba ta zama jiki ba. Ɗabi'ar kuwa ita ce, da zarar an shafa fatiha, sai ango ya ɗauki amarya su hau jirgin sama zuwa wani tsibiri a Tekun Indiya, galibi Zanzibar, wai sun tafi cin amarci. Can za a gan su a hoto suna shawagi cikin kwalekwale, ko suna nutso don kallon kifi, ko suna kwance kan rairayi suna shan ruwan kwakwa.

Ba daga nesa muka ji labari ba. Wani yayanmu ne, haifaffen Gagarawa Tasha, ƙaramin ma'aikaci a Dutse, ya karɓi bashi daga asusun haɗin kan ma'aikata, ya sayar da shanu biyu da ya gada, ya yi wannan tafiya ta kwana shida. Mutumin da bai taɓa tsoma ƙafa cikin kogin Haɗejiya ba, shi ne aka sa wa rigar iska ana riƙe da shi cikin teku! Bayan ya komo, wata uku bai cika ba sai ga amarya a gidan iyayenta tana roƙon tiyar gero. To, jama'a, wannan amarci ne ko azaba?

Mu yi lissafi, domin lissafi ba ya ƙarya. A shekarar 2023 aka janye tallafin man fetur, aka kuma saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, har dala ɗaya ta wuce naira 1,500 a 2024. A wannan shekara ta 2024 ne aka tsai da mafi ƙarancin albashi a kan naira 70,000. A ce tafiyar mutum biyu, da kuɗin jirgi da masauki da abinci, ta tsaya a dala 2,000 kacal. A farashin 2024, wannan ya kama naira miliyan 3, watau albashin ƙaramin ma'aikaci na wata 42 da ɗoriya, ko da kuwa bai sayi ƙwayar gishiri ba. Wahalar shekara uku da rabi ke nan a ƙone cikin mako guda.

Mun san abin da za a ce mana: kuɗinsa ne, ina ruwanku? Da kuɗinsa ne, da ba mu ce uffan ba. Mai hali ya tafi inda ya ga dama, Allah ya kiyaye hanya. Amma na farko, mafi yawa kuɗin aro ne, kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Na biyu, abin ba ya tsayawa ga mutum ɗaya. Haka lefe ya faro da 'yan turame, ga shi yau ya zama jerin akwatuna da ke hana samari aure. Abin da ɗan attajiri ya yi bana don nishaɗi, shi za a ɗora wa ɗan malamin firamare baɗi a matsayin sharaɗi.

Kada kuma a ɗauka muna ƙyashin ango da amarya su keɓe su huta. Shari'a da kanta ta ware wa budurwa kwana bakwai, bazawara kwana uku. Iyayenmu sun san buɗar kai, sun san gara, sun san zaga dangi gaisuwa, duk domin amarya ta saba da sabon gida, ta shiga da ƙarfinta. Gara dai abinci take kawowa cikin gida. Wannan sabuwar al'ada kuwa fitar da shi take yi.

In ma ruwa da tsuntsaye da iska mai daɗi ake nema, ashe ba mu da su? Ga dausayin Baturiya a ƙasar Haɗejiya, inda tsuntsaye ke zuwa tun daga Turai kowane hunturu, har aka sa shi cikin dausayoyin duniya masu muhimmanci a 2008. Ga zanen shanu na mutanen da a jikin duwatsun Birnin Kudu. Ga ruwan ɗumi na Wikki a Yankari. Ko kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, da raƙumanta da shanunta daga Nijar, abin kallo ce. Mutanen Zanzibar ba su fi mu komai ba illa sun gyara nasu, sun tallata shi, mu kuma muka kwashi guminmu muka kai musu.

Ku dubi Gagarawa Tasha. Bayan da aka kai dogo daga Kano zuwa Nguru a 1930, gyaɗarmu ce ta riƙa hawa jirgi tana barinmu, ribar tana sauka wani wuri. Kakanninmu tilas aka yi musu. Mu da aka sa a makaranta, wa ya tilasta mana?

Saboda haka muna kira ga samari, kada wanda ya fara zaman aure da bashin kwalliya. Muna kira ga 'yan'uwanmu mata, ku tambayi inda kuɗin ya fito kafin ku yi murna, domin ku ne za ku tsaya gaban murhu ranar da babu. Allah ya sa mu gane, ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu, amin.