Baƙaƙen bayan mota ba shaida ba ne

Tun da aka soma haƙar zinariya a Jado cikin shekarar 2014, motocin Toyota suka yawaita bisa hanyar Damagaram zuwa Agadas, wadda ta ratsa Tanut. Mai neman tsohuwar mota a Damargu kuwa yakan fara duba baƙaƙen da ke liƙe a bayanta.

Girgizar hanyar Belbeji da zafin rana kan sassauta mannin baƙaƙen har su zube, kuma mayar da su ba laifi ba ne. Gwanin gareji yakan yanke tsohon manni da siririn zaren roba, ya goge wurin sarai. Daga nan ya ja zare a miƙe kamar magini, ya auna tazara daga gefen ƙofar baya, sannan ya danna kowane harafi a gurbinsa.

Laifin yana wajen mai liƙa «V8» ko «4WD» ga motar da ba ta cancanta ba, don ya ƙara mata kuɗi.

Saboda haka, ƴan kasuwa da ma'aikata, kafin ku biya, ku tsaya bayan mota ku lura. Karkataccen harafi kan nuna an sake fenti, wataƙila bayan hatsari. Ku gwada lambar shasi da wadda ke cikin takardar mota, ku leƙa ƙarƙashi ku tabbatar inji yana jan ƙafafun gaba. Yashin Damargu bai iya karatu ba: ko me aka rubuta, motar da ba ta ja da ƙafa huɗu kafewa za ta yi.

Sai mako mai zuwa.