Filin Lafiyar Iyali: Wa Ya Ɗebo? Gaskiyar Gadon Kamanni

A wannan watan za mu taɓo maganar da ba ta ƙarewa a gidan suna, wato "wa jaririn nan ya ɗebo?" Sau da yawa wasa ne da raha, amma wani lokacin kalma ɗaya daga bakin dangin miji, cewa yaro bai yi kama da kowa a gidan ba, takan jefa mai jego cikin baƙin cikin da zai bi ta har tsufa.

Masana sun tabbatar da cewa kowane ɗa yana karɓar ƙunshin ƙwayoyin gado 46, guda 23 daga uba, 23 daga uwa. Kuma ba ƙwaya ɗaya ce ke tsara fuska ba. Wani bincike da aka wallafa a 2021 a kan Turawa sama da 8,000 ya gano wurare 203 a cikin ƙwayoyin gado da ke da hannu a siffar hanci, haɓa, goshi da sauransu. Wani kuma da aka wallafa a 2017 a kan yara sama da 3,600 a ƙasar Tanzaniya ya nuna gado ke da alhakin kashi 28 zuwa 67 cikin ɗari na bambancin da ke tsakanin fuskokinsu, gwargwadon sashen da aka auna. Shi ya sa tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya suke kama kamar an tsaga kara.

To tunda ƙwayoyin suna da yawa haka, kuma kowane ciki da irin gaurayar da yake samu, yaro na iya fitowa da haɗin da ba a gani a fuskar uwa ko ta uba ba, ko ya ɗebo wani kakan da ba a ma san shi ba.

Addininmu ya riga ya rufe wannan ƙofa ta zargi. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya zo wa Manzon Allah (SAW) yana shakkar ɗansa saboda launin fatarsa. Sai Annabi (SAW) ya buga masa misali da raƙumansa jajaye da ake samun mai ruwan toka a cikinsu, ya nusar da shi cewa ɗan ma yana iya ɗebo wani daga magabata. Don haka uwar miji da ƙannen miji, a ji tsoron Allah, kama ko rashinta ba hujja ba ce.

Sai batun jan hanci da gasa shi da tsumma mai zafi lokacin wankan jariri. Yawancin jarirai da faffaɗan hanci ake haifarsu, karan hancin yana tasowa ne a hankali yayin da ƙashi da guringuntsi ke girma. Ja ba ya ƙara masa tsawo, zafin kuma na iya ƙona fatarsa. Haka nan kallon wani ko ƙin jininsa lokacin goyon ciki ba ya sa a haifi mai kama da shi.

Abin da ke hannunki, 'yar uwa, shi ne kula. Leɓe da ganɗar jariri suna haɗuwa ne a watanni uku na farkon ciki. Taba sigari da wasu magungunan farfaɗiya suna ƙara haɗarin haihuwar yaro da tsagaggen leɓe. Mai shan irin waɗannan magunguna kada ta daina da kanta, ta ga likita tun kafin ta ɗauki ciki. In kuma Allah Ya ba ki yaro mai wannan lalura, kada ki ɓoye shi, ana gyarawa da tiyata tun yana jariri. Sannan a raba yaro da tsotson yatsa idan ya haura shekara 4, domin yana turo haƙoran gaba.

A ƙarshe, mu daina kushe fuskar 'ya'yanmu a gabansu, ko fifita wani a kan wani don hanci ko haske. Allah Ya raya mana zuriya bisa imani. Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu.