Taurarin Abzin: a filin biki suka yi suna

A shekara ta 1995 ne wasu samari ƴan dangi ɗaya suka kafa ƙungiyar kiɗan jita a Agadas, suka raɗa mata suna Etran de L'Aïr, watau Taurarin Abzin. Kayan aikinsu kuwa jita ɗaya marar lantarki, sai ƙwarya kife cikin ruwa ana bugunta da takalmi. Bukukuwan aure da na suna na talakawa su ne makarantarsu. Sai a 2018, bayan shekara 23, kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya fitar da faifansu na farko, har aka riƙa gayyatarsu Turai da Amurka.

To, samarin Maraɗi, Damagaram da Tawa masu rataye da jita, ina za su sami irin wannan horo? Mai biki yakan ɗauko na'ura don ta fi araha. In ma ya kira makaɗa, ladan ba ya biyan hayar amsa-kuwwa. Muna roƙon magadan gari su buɗe musu gidajen matasa, ko da daren Asabar kaɗai ne.