Wa Ke Da Ikon Ɗaurin Aure?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, ya ku malamai da attajirai, akwai wani kuskure da ya yaɗu a cikin jama'a. Suna zaton wai in malami ya shafa fatiha, aka raba goro, aure ya ɗauru ke nan. To, ba haka shari'a ta ce ba.

A mazhabar Imamu Malik ikon ɗaurin aure yana hannun waliyyi ne, ko wakilin da ya naɗa. Liman mai huɗuba ne da addu'a, ba ya zama waliyyi don rawaninsa. Waliyyin budurwa ubanta ne. Bazawara kuwa, ɗanta baligi shi ke gaba, sa'an nan uba, sa'an nan ɗan'uwa, kamar yadda Ibnu Abi Zaidin ya jera a cikin Risala. Wadda ba ta da kowa, alkali shi ne waliyyinta. Mace ba ta ɗaura wa kanta aure, in ta ɗaura a warware shi, ko da an tare. Wanda ya yi harama da hajji shi ma ba ya ɗaurawa. Lalle ne kuma a sami shaidu biyu adilai, da sadaki wanda bai gaza rubu'in dinari ba.

Fatake su suka fi afkawa cikin wannan. Mutum ya sauka zango, ya ga mace, ya nemi malamin da zai ɗaura ba tare da an bincika danginta ba. Ran da ya rasu, sai a yi ta jayayya a kan gado.

Ga kuma dokar ƙasa. A Nijeriya dokar aure ta 1914 ta shafi auren rajista da na coci ne, ba ta taɓa auren Musulunci ba. Amma a Gana, dokar auren Musulmi ta 1907 ta ce ango da waliyyi da shaidu biyu da limamin da hukuma ta bai wa lasin su yi rajistar auren cikin mako guda. Masu fataucin goro zuwa Kumasi su kula.

Saboda haka muna roƙon limamai, kafin a buɗe baki da huɗuba a tambaya: ina waliyyi, wa ya wakilta ka, idda ta cika? A rubuta sunayen shaidu a littafi a ajiye. Allah ya sa mu dace, amin. Wassalam.