Kuɗin "babu ruwa" daga Ingila: Abin da ya kamata ɗan kasuwa ya tambaya kafin ya karɓa

A ƴan shekarun nan, duk lokacin da muka buɗe layin waya a shirinmu na ƴan kasuwa a gidan rediyo, maganar jari ce ke cinye mana lokaci. Na Ƙonni da Maraɗi suna kukan sharuɗɗan banki, na Illela da Jibiya da Maigatari suna kukan naira, kowa dai da inda takalmi ke matsa masa. A cikin wannan hali ne wata magana ta fara yawo a rumfuna, cewa wai a Ingila da Amurka banki yana ba mutum bashi na shekara guda ko fiye ba tare da ruwan ko dala ba, kuma wai ɗan'uwan da ke can yana iya juye kuɗin a asusunsa, ya turo gida a juya su kafin lokacin biya ya zo. Maganar tana da tushe, amma rabinta kawai ake faɗa. Shi ya sa muka ga ya dace mu warware wa masu karatu sauran rabin.

Da farko dai sai mun bambanta kati da kati. Katin da yawancinmu muke riƙe da shi a nan, ko na bankin Nijar ne ko na Najeriya, kuɗinka ne da ka ajiye kake cira da shi; in asusu ya ƙare, kati ya zama roba. Ko a Faransa ma akasarin katunan irin wannan ne. Amma a Ingila da Amurka akwai katin bashi, wanda banki ke ƙayyade maka wani adadi, ka yi sayayya da kuɗinsa, ka biya daga baya. In ka biya duka a ƙarshen wata, shi ke nan. In ka bar saura, sai a ɗora ruwa, wanda a Ingila yakan haura kashi 20 cikin ɗari a shekara.

Saboda gasar neman abokan hulɗa, a shekarar 2000 wani banki mai suna Egg ya fito da tayin cewa duk mai bashi a katin wani banki ya kwaso shi ya kawo wurinsa, za a ɗauke masa ruwa na wasu watanni. Nan da nan sauran bankunan Ingila suka bi sahu. Da farko ko kuɗin aiki ba a karɓa, amma daga wajen 2004 zuwa 2005, da bankuna suka ga mutane na tsalle daga wannan kati zuwa wancan ba su biyan komai, sai suka fara yankar kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari na duk abin da aka kwaso. Har yau a kan wannan tsari ake.

A nan akwai hanyoyi uku da ake yawan cakuɗa su, kuma kuskure a kansu yana da tsada. Ta farko ita ce kwashe bashi daga kati zuwa kati. A wannan, mutum ba ya ganin tsabar kuɗi ko kaɗan. Sabon banki ne ke biyan tsohon banki kai tsaye. Ta biyu ita ce wadda ta shafe mu, wato juye kuɗi daga kati zuwa asusun banki. Ba kowane kati ke ba da wannan dama ba, wa'adinta ya fi gajarta, kuɗin aikinta kuma yakan kai kashi 3 zuwa 4, sannan galibi sai an yi ta a cikin wata biyu ko uku na farko da karɓar katin. Ta uku ita ce mutum ya je na'urar cirar kuɗi ya zaro tsaba da katin bashi. Wannan ba ta cikin rangwamen; ruwa na fara hawa tun ranar da aka cire, ga kuma kuɗin aiki. Sau da yawa ma idan mutum ya biya kamfanin tura kuɗi da katin bashi kai tsaye, banki na lissafa shi tamkar ya zaro tsaba.

Su Turawan da suka fara wannan dabara, me suke yi da kuɗin? Ba kasuwanci suke yi da su ba. Sukan juye su a asusun ajiya mai ba da ruwa, wanda hukuma ta lamunce ko da bankin ya karye, su bar su a can ba su taɓa ba, ranar da wa'adi ya cika su kwashe su mayar, su ci ɗan abin da ya hau kai. Abin ya yi kasuwa lokacin da Babban Bankin Ingila ya kai ruwansa kashi 5.75 a 2007. Da aka sauke shi zuwa kashi 0.5 a watan Maris na 2009, sai sana'ar ta mutu murus, domin ajiya ba ta kawo komai. Ta sake farfaɗowa ne bayan da ruwan ya koma kashi 5.25 a watan Agusta na 2023, ko da yake daga Agustan 2024 an fara rage shi. Kuma ko a lokacin da abin ke ci, ribar ba ta taka kara ta karya ba. Wanda ya juye fam 3,000 ya biya kuɗin aiki fam 120, ya ajiye a kashi 5 na shekara guda, abin da zai samu bai wuce fam 150 ba. Ke nan fam 30 ya yi wa wahala. Abin lura shi ne kuɗinsu na nan kwance a inda hannu zai kai gare su ko da wane lokaci. Mu kuwa so muke a mayar da su buhunan albasa da wake, a ɗora a mota, a bi da su ta shingen duwan da kwastan.

Bari mu yi lissafin a fili. Fam 3,000 sefa miliyan biyu ne da ɗoriya. Ranar da aka juye su, bashin ya zama fam 3,120, wato an riga an ci wajen jika 90 tun kafin kuɗin su bar Ingila, ban da abin da kamfanin turawa da ɗan canji za su yanka. In wa'adin wata 12 ne, to sai an biya fam 260 duk wata kafin a fita lafiya. Banki ba ya tilasta wannan. Abin da yake nema kawai shi ne ɗan ƙaramin biya na wata-wata, wanda kan fara daga kashi 1 cikin ɗari na bashin. Amma wanda ya tsaya a kan ƙaramin biyan, ranar da wa'adi ya ƙare zai tarar da sauran fam 2,700 da wani abu a kansa, kuma in ruwan katin kashi 25 ne, zai riƙa biyan fam 55 zuwa 60 duk wata, fiye da jika 40, ba tare da uwar kuɗin ta ragu ba. Sannan in ya yi lattin ƙaramin biyan ko sau ɗaya ne, banki na da ikon janye rangwamen gaba ɗaya tun kafin wa'adi. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Bankin ya san cewa a cikin masu karɓa akwai da yawa da ba za su iya gamawa a kan lokaci ba, kuma a kansu yake cin abinci. Matsalar ta kai har a 2018 hukumar da ke sa ido kan harkar kuɗi a Birtaniya ta tilasta wa bankuna su riƙa tuntuɓar duk wanda ya yi wata 18 abin da yake biya na ruwa ya fi abin da yake ragewa na uwar bashi.

Ba mu musun cewa tayin yana da jan hankali. A ƙasashen sefa na Afirka ta Yamma, a 2014 an ƙayyade cewa ruwan banki kada ya wuce kashi 15, na ƙananan asusun lamuni kuma kashi 24. A Najeriya, Babban Banki ya kai nasa ruwan kashi 27.5 a watan Nuwamba na 2024, balle abin da bankunan kasuwa ke ɗora wa ɗan kasuwa, ga neman takardar gida ko fili. Wanda ke fama da wannan, in aka ce masa ga miliyan biyu a kashi 4, dole ya ga kamar an tsince shi a rijiya. Sai dai akwai abubuwa biyu da lissafin takarda ba ya nunawa.

Na farko, bashin da fam aka ci shi, da fam za a biya. A watan Mayu na 2023 dala tana wajen naira 750 a hannun ƴan canji. Bayan da gwamnatin Najeriya ta saki naira a watan Yuni na shekarar, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500, fam ma haka ya bi. Ma'ana, wanda ya canza kuɗin ɗan'uwansa zuwa naira a farkon wannan lokaci, sai ya ninka jarin sau biyu cikin wata tara kafin ya iya mayar da abin da aka ba shi, ba a ma zo maganar riba ba. Masu sefa sun fi samun sauƙi, tunda tana ɗaure da yuro a kan 655.957, amma yawancinmu a bakin iyaka da kuɗin biyu muke ciniki, kuma manyanmu ba su manta da watan Janairu na 1994 ba, lokacin da aka wayi gari sefa ta rasa rabin darajarta.

Na biyu, wa'adin banki ba ya jiran a buɗe iyaka. Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 har Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, takunkumin CEDEAO ya sake rufe su, ba a ɗage shi ba sai Fabrairun 2024, Najeriya kuma ta buɗe nata ɓangaren a watan Maris. Wannan wata bakwai ne da ɗoriya, fiye da rabin wa'adin katin wata 12.

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar albasa, ya same mu bayan shiri ya ba mu labarinsa, ya kuma yarda mu faɗa ba tare da suna ba. Ɗan ƙanwar mahaifiyarsa ne, haifaffen Sakkwato, ke aikin jinya a Ingila. A tsakiyar 2023 ya roƙe shi jari, yaron ya turo. Bai tambaye shi daga ina ba, shi ma yaron kunya ta hana shi faɗa. Motarsa na cikin waɗanda suka maƙale a hanyar Gaya, albasa ta ruɓe a cikin buhu. Sai bayan shekara, da yaron ya kira shi ya ce, "Yaya, don Allah ko rabi ne a taimaka mini, banki ya fara ɗora ruwa," sannan ya san cewa kuɗin kati ne. Ya ce mana da ya sani tun farko, da hatsi zai saya ya ajiye a gida, ko ma ya ƙi karɓa. Yau iyayensu mata biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, gaisuwa kawai ke haɗa su.

Ya kamata mu san abin da ke kan ɗan'uwan da ke can. A Ingila kowane mutum yana da tarihin biyan bashi da kamfanoni ke ajiyewa, kuma wanda ya gaza biya, tabon yana zama shekara shida a kan sunansa. Da wannan tarihi ake duba shi in zai kama hayar gida, ko ya sayi waya a biya sannu, ko ya nemi bashin sayen gida. Bankin bai san Alhajin da ke Ƙonni ba, bai san iyaka ba. Sunan da ke kan kati kawai ya sani. Akwai kuma wata hanyar da ba a gani: wani yakan turo albashinsa ne da gaske, amma ya koma yana cin abinci da biyan mota da katin bashi. Kuɗin da suka iso nan na guminsa ne, amma ramin yana can yana zurfi.

Ga wanda ke tambaya ta fuskar addini, kalmar "babu ruwa" ba ta rufe magana ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta yanke cewa bai halatta a yi hulɗa da katin bashin da aka gindaya sharaɗin ruwa a cikinsa ba, ko da mai katin ya yi niyyar biya kafin ruwan ya fara. Kowa sai ya koma ga malaminsa da cikakken bayani, kada ya kai masa rabin labari.

Shawararmu ga ƴan kasuwa ita ce, duk wanda ɗan'uwa zai turo wa jari daga Turai ko Amurka, ya cire kunya ya yi tambaya: kuɗin nan ajiyarka ce ko na banki ne? In na banki ne, wace rana wa'adi ke cika, kuma nawa za a ɗora bayan ranar? Da wane kuɗi zan mayar, fam ko sefa ko naira, kuma in canji ya tashi, wa zai ɗauki bambancin? In kaya suka lalace ko aka rufe hanya, asarar ta wa ce? A rubuta amsoshin a takarda a gaban shaidu biyu, kowa ya riƙe tasa. In an ga dole sai an karɓa, to kada a zuba su a kayan da ke ruɓewa ko cinikin da sai an ƙetare iyaka biyu, kuma a fara mayarwa tun daga wata na farko, kada a jira ranar ƙarshe. In kuwa abin da ake nufi shi ne wannan ya kawo kuɗi wancan ya kawo ƙarfi a raba riba da asara, kamar yadda iyayenmu suka saba, to jarin ya fito daga abin da mutum ya mallaka, wanda in ya salwanta ba za a biyo shi da takarda ba.

Su kuma ƴan'uwanmu da ke can, muna roƙonsu su daina ɓoye gaskiya don gudun a ce sun gaza. Wanda ya ce "ba ni da shi yanzu" za a yi masa fushin mako guda a manta. Hausawa sun ce cin bashi da daɗi, ranar biya da wuya, kuma a wannan harka mai ci daban, mai biya daban. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya kiyaye mana zumuncinmu.