Takardar Lauya da Littattafan da Ba Su Ga Rana Ba

A watan Maris na 2014, Farfesa Karen Dawisha ta Jami'ar Miami da ke jihar Ohio a Amurka ta sami wasiƙa daga maɗaba'ar Jami'ar Cambridge, wadda ta buga mata littattafai da dama a baya. Shekaru ta kwashe tana bin diddigin yadda Vladimir Putin da mutanensa na birnin St Petersburg suka tara dukiya da iko. Maɗaba'ar ta ce ba za ta buga wannan ba. Ba ta kushe binciken ba, ba ta kuma ce an kama ƙarya ko guda a ciki ba. Abin da ta ce shi ne, waɗanda aka ambata suna da kuɗin kai ƙara kotun Landan, kuma ko da maɗaba'ar ce ta yi nasara a ƙarshe, wahalar shari'ar da tsadarta sun fi ƙarfinta. Littafin, Putin's Kleptocracy, ya fito a wannan shekarar a Amurka ta hannun kamfanin Simon & Schuster.

Babu wanda ya kai Dawisha ƙara. Babu ma wanda ya aiko da takardar gargaɗi. Wata maɗaba'a da ta haura shekara 400 tana aiki, mai lauyoyi da suna da jami'a a bayanta, ta hango abin da zai iya faruwa ta janye hannu. Wannan shi ne abin tsoron. Barazanar ƙarar ɓata suna ta kai matsayin da ba sai an furta ta ba kafin ta yi aiki.

Dalilin da ya sa Landan ta zama matattarar irin wannan ƙara a fili yake. A dokar Ingila, idan mutum ya ce an ɓata masa suna, ba shi ne zai tabbatar da cewa ƙarya aka yi masa ba. Marubuci ne zai tabbatar wa alƙali cewa abin da ya rubuta gaskiya ne, ko kuma ya nuna ya wallafa shi ne don amfanin jama'a cikin taka-tsantsan. Wanda ya faɗi kuma shi zai biya yawancin kuɗin lauyoyin abokin shari'arsa. A Amurka lamarin ya sha bamban tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1964 a shari'ar jaridar New York Times da Sullivan: mai riƙe da muƙami sai ya nuna cewa marubucin ya san ƙarya yake yi, ko bai damu ya bincika ba. To ka dubi lissafin mai buga littafi a Ingila. Littafin bincike, ko ya karɓu, ribarsa ba ta taka kara ta karya ba. Shari'a guda tana iya lashe fam miliyan ɗaya ko fiye tun ba a kira shaidar farko ba. Ga attajirin da ke da jirgin ruwa na shaƙatawa, wannan kuɗin cefane ne. Ga kamfanin littattafai, ribar shekara ce, wataƙila ma jarin gaba ɗaya.

Akwai wani abu da ba a cika lura da shi ba. Ita kanta dokar Ingilar ba ta son a hana littafi fitowa. Tun 1891, a shari'ar Bonnard da Perryman, kotu ta kafa ƙa'idar cewa alƙali ba zai dakatar da wallafa rubutu ba muddin marubucin ya ce zai kare kansa da gaskiyar abin da ya faɗa, sai fa idan ƙaryar ta fito ƙarara. Hikimar ita ce a bar magana ta fito, in ƙazafi ce a hukunta mai ita daga baya. Ashe ke nan abin da alƙali zai ƙi ba ka idan ka roƙe shi a bainar jama'a, takardar lauya mai shafi uku tana ba ka shi a ɓoye. Ana aika ta ne da tambarin sirri a samanta, da gargaɗin kada a wallafa ta. Tana zuwa wurin marubuci, da editansa, da mai rarraba littafin, wani lokaci har da masu shagunan sayarwa. Ba alƙali, ba shaida, ba tambayar ƙeƙe-da-ƙeƙe, ba rajistar kotu da ɗan jarida zai je ya duba gobe. An dake ka an hana ka kuka.

Marigayi Khalid bin Mahfouz, attajirin Saudiyya wanda ya taɓa shugabantar babban bankin kasuwanci na ƙasar, ya nuna iyakar inda wannan makami ke kaiwa. A 2003 Rachel Ehrenfeld ta wallafa Funding Evil a Amurka, inda ta zarge shi da tallafa wa ta'addanci da kuɗi, zargin da ya musanta har ya koma ga Mahaliccinsa a 2009. Ba a buga littafin a Birtaniya ba, amma kwafi 23 sun shiga ƙasar ta hanyar saye a intanet, kuma wannan ya isa kotun Landan ta saurari ƙarar. Ehrenfeld ta ƙi zuwa, aka yanke hukunci a bayan idonta a 2005. Bayan shekara biyu sai bin Mahfouz ya juya kan Alms for Jihad na J. Millard Burr da Robert O. Collins, masanin tarihin Sudan. A wannan karon ko zaman shari'a ba a yi ba. Maɗaba'ar Cambridge ta nemi afuwa, ta biya diyya, ta lalata kwafin da suka rage a rumbunta, ta kuma rubuta wa ɗakunan karatu na duniya tana roƙon su sauke littafin daga kanta. Marubutan biyu sun ƙi sa hannu a neman afuwar. Ƙungiyar ɗakunan karatu ta Amurka ta shawarci 'ya'yanta su riƙe kwafinsu. Abin ya fusata Amurkawa har jihar New York ta yi doka a 2008, majalisar tarayya ta bi sahu a 2010, cewa kotunansu ba za su zartar da hukuncin ɓata suna na wata ƙasa ba idan bai dace da 'yancin magana na tsarin mulkinsu ba.

Kada a fahimce ni a baibai. Mutunci ba abin wasa ba ne, kuma wanda ya tashi a cikin al'ummar da ta san nauyin ƙazafi a addini da al'ada ba zai ce a bar alƙalami ya yanki kowa yadda ya ga dama ba. Marubuta suna kuskure, wasu ma da gangan suke yi. Wanda aka jingina wa ta'addanci alhali bai ji ba bai gani ba yana da haƙƙin a wanke shi. Amma akwai alamar da ke raba mai neman wanke suna da mai neman toshe baki, kuma ana ganinta a abin da ya nema. Na farko zai nuna shafi da layi, ya ce nan aka yi mini ƙarya, ga hujjata, a gyara. Na biyu zai nemi a janye littafin ɗungurungum, ya kai ƙarar marubucin shi kaɗai don ya ji tsoron rasa gidansa, ya zaɓi kotun da ta fi tsada da nisa, ya yi ta jan ƙafa har aljihu ya ƙare.

Waɗanda suka tsaya suka yi shari'ar ma, nasararsu mai ɗaci ce. Catherine Belton, tsohuwar wakiliyar jaridar Financial Times a Mosko, ta fitar da Putin's People a 2020. A cikin 'yan watanni na 2021 ƙararraki suka yi mata rubdugu ita da kamfanin HarperCollins: Roman Abramovich, mai kulob ɗin Chelsea a lokacin, da attajiran Rasha Mikhail Fridman da Petr Aven, da kamfanin mai na Rosneft. Rosneft ya janye tasa. Da Abramovich aka sasanta a watan Disamba, aka gyara wasu wurare, HarperCollins ya nemi afuwa a kan wasu bayanai, ba a biya shi diyya ba. Littafin ya tsira, amma kare shi ya ci kimanin fam miliyan ɗaya da rabi, alhali ba a ma kai ga cikakken zaman shari'a ba. Tom Burgis kuwa, kamfanin haƙar ma'adinai na ENRC ne ya kai shi ƙara kan Kleptopia, alƙali ya yi watsi da ita a watan Maris na 2022. HarperCollins na cikin manyan kamfanonin littattafai na duniya, shi ya sa ya iya jurewa. Kowane ƙaramin kamfani da ya kalli wannan dambarwa ya ɗauki darasi, kuma ba darasin jarumta ya ɗauka ba.

Za a ce ai barazana talla ce. Lauyan Donald Trump ya aika wa kamfanin Henry Holt takarda a Janairun 2018 cewa a dakatar da Fire and Fury na Michael Wolff, sai kamfanin ya matso da ranar fitowarsa kusa, aka yi ta rububin saye. Haka ne. Amma muna ƙirga waɗanda suka tsallake ne kawai, domin su muke gani. Babin da lauyan kamfani ya cire, sunan da aka mayar "wani babban ɗan kasuwa", ɗalibar da malaminta ya ce ta canza batun bincikenta, editan da ya ƙi amsa wasiƙar marubuci da zarar ya ga sunan da ke cikin littafin, duk waɗannan ba su da rajista. Going Clear na Lawrence Wright, kan cocin Scientology, ya fito a Amurka a 2013, kamfanin da zai buga shi a Birtaniya ya fasa bisa shawarar lauyoyi, sai 2016 wani ƙaramin kamfani ya yi ta maza. Mun san labarinsa ne saboda Wright sananne ne.

Afirka ta ɗanɗana wannan ta fuska biyu. A 2008 wani ƙaramin kamfani a Montreal, Écosociété, ya fitar da Noir Canada na Alain Deneault da abokan aikinsa, kan ayyukan kamfanonin haƙar ma'adinai na Kanada a nahiyarmu. Barrick Gold ya nemi diyyar dalar Kanada miliyan 6, Banro ya nemi miliyan 5. A 2011 aka sasanta da Barrick, aka daina buga littafin. Magana ce kan ƙasar Afirka da zinaren Afirka, aka rufe ta a wata nahiyar ba tare da wani alƙali ya tantance gaskiyarta ba. A Kenya kuwa, da littafin Michela Wrong, It's Our Turn to Eat, ya fito a 2009 yana ba da labarin John Githongo, wanda ya fallasa badaƙalar Anglo Leasing, gwamnati ba ta haramta shi ba. Masu shagunan Nairobi ne suka ƙi ajiye shi, domin sun ga yadda tsohon minista Nicholas Biwott ya taɓa kai shagunan littattafai ƙara ya karɓi miliyoyin shilin. Sai a ɓoye aka riƙa miƙa shi hannu da hannu.

Nijeriya ta gaji dokar ɓata suna ta Ingila, ta kuma riƙe abin da Ingilar ta yar: ɓata suna a matsayin laifin da ake ɗaure mutum a kansa. Yana nan a dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa, yana nan a Criminal Code na Kudu, ko da yake Legas ta cire shi daga dokarta a 2011, Ghana kuma ta soke nata tun 2001. Saboda haka a nan mai jin haushi ba ya buƙatar lauyan Landan. Takardar koke ga kwamishinan 'yan sanda ta wadatar. A ranar 3 ga Disamba 2024 aka kama lauya Dele Farotimi a Legas aka wuce da shi Ekiti, bayan koken babban lauya Afe Babalola kan littafinsa Nigeria and Its Criminal Justice System. Ya yi kusan mako uku a tsare. A ƙarshen Janairun 2025 Babalola ya amince a janye tuhumar bayan Ooni na Ife da wasu sarakunan Yarabawa sun sa baki. Littafin ya yi kasuwa, gaskiya ne. Amma tuhumar ta mutu ba tare da an auna zarge-zargen da ke ciki ba, don haka ba Farotimi aka gaskata ba, ba Babalola aka wanke ba. Abin da ya zauna a zukatan masu rubutu shi ne hoton marubuci a hannun 'yan sanda.

Marubucin Hausa ya fi kowa zama a fili. Yawancin littattafanmu marubucin ne ke biyan kuɗin bugu daga aljihunsa, shi ke kai wa masu shago, ba shi da lauyan da zai duba masa rubutu, ba shi da inshora. Mai injin ɗab'i kuma kwangilar kalanda da fosta daga 'yan siyasa ce abincinsa. Ina ganin wannan na cikin dalilan da suka sa tarihin manyanmu masu rai ya zama na yabo da ake ƙaddamarwa a babban zaure ana sanar da gudummawa, littafin da ke bin sawun kuɗin jiha ko filayen gwamnati kuwa sai an tona.

Maganin da masana shari'a ke nunawa ba sabo ba ne: a ba alƙali ikon korar ƙara tun a zaman farko idan ya ga manufarta toshe baki ce, a ɗora wa mai ita kuɗin shari'ar, a ƙayyade abin da marubuci zai biya idan ya faɗi, a kuma raba 'yan sanda da rigimar suna. Jihohin Amurka da yawa suna da irin wannan doka, lardin Quebec ya yi tasa a 2009 ana tsakiyar rigimar Noir Canada. Tarayyar Turai ta amince da nata tsarin a 2024, wanda ake kira da sunan Daphne Caruana Galizia, 'yar jaridar Malta da aka kashe da bam a 2017 tana da ƙararraki sama da 40 a wuyanta. Birtaniya, inda cutar ta fi ƙamari, ta gyara dokarta a 2013 ta ce sai mai ƙara ya nuna an yi masa mummunar illa, amma hakan bai hana abin da ya sami Belton ba. Ba ta sake motsawa ba sai da Rasha ta afka wa Yukiren a 2022, sannan Birtaniya ta ƙaƙaba wa Abramovich da Fridman da Aven takunkumi. Hukumar da ke sa ido kan lauyoyi ta gargaɗi lauyoyin a ƙarshen wannan shekarar kan irin waɗannan takardu. Dokar da aka yi a 2023 ta kare masu rubutu kan laifukan kuɗi ne kaɗai, ƙudirin da zai faɗaɗa ta kuma ya mutu da aka rushe majalisa don zaɓen 2024.