Zoben Aure: Daga Ina Ya Zo, Kuma Me Muke Saye In Mun Saye Shi?

 

Ya 'yan uwana matasa, tambayar da ɗalibai masu shirin aure suka fi yi mini a 'yan shekarun nan ita ce: Malam, wane irin zobe ya kamata a saya, kuma a wane yatsa ake sawa? Iyayenmu ba su san wannan tambaya ba. Sun san kayan na-gani-ina-so, sun san baiko da sa rana da lefe da sadaki, amma ango ya durƙusa gaban jama'a yana zura wa amarya zobe, wannan baƙo ne da ya shigo mana ta finafinai da hotunan intanet. Ba kowane baƙo ake kora ba, sai dai kafin a shimfiɗa masa tabarma ana tambayarsa daga ina yake.

Asalin abin da muke iya bin sawunsa a rubuce yana wajen Rumawan da. A can namiji kan aika wa wadda zai aura zoben ƙarfe a matsayin shaidar alkawari, kamar dai kafin alƙalami a ciniki. Marubucinsu Filini Babba, wanda ya mutu a shekara ta 79 miladiyya, ya ambaci wannan zoben ƙarfe. Zaɓen yatsan da ke kusa da ƙarami a hannun hagu kuwa ya samo asali ne daga wani tsohon zato, wai akwai jijiya ta musamman da ta taso daga wannan yatsa ta zarce zuciya. Ilimin likitanci ya tabbatar babu ita. Duk yatsun hannu tsarin jijiyoyinsu iri ɗaya ne. Shi ya sa ma Turawan kansu ba su haɗu a kan hannu ɗaya ba: a Rasha da Girka da yawancin Jamus a dama ake sa zoben aure, a Ingila da Amurka a hagu.

Daga baya Coci ta karɓi al'adar ta shigar da ita cikin ibadarta. A shekara ta 866 Fafaroma Nikolas na Ɗaya ya ambaci zoben baiko a wasiƙar da ya rubuta wa mutanen Bulgeriya yana bayyana musu yadda Kiristocin Yamma ke aure. A tsohon tsarin ɗaurin aure na cocin Ingila, ango kan ɗora zoben a kan yatsu uku ɗaya bayan ɗaya yana ambaton Triniti, sannan ya bar shi a na huɗu da faɗin amin. Wannan shi ne ginshiƙin hujjar Shaikh Albani, Allah Ya jiƙansa, a littafinsa Adabuz Zifaf, inda ya ɗauki zoben aure a matsayin kwaikwayon abin da ya keɓanci wani addini.

Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne mataki na uku, domin shi ne matasa ba su cika ji ba. Tarihi ya nuna cewa a 1477 Maksimiliyan na Ostiriya ya bai wa Mariya ta Burgundi zoben daimon, sai dai wannan harka ce ta 'ya'yan sarauta. Talakan Turai ya yi ɗaruruwan shekaru yana aure ba daimon. Bayan an gano ma'adinan daimon a yankin Kimbali na Afirka ta Kudu wajajen 1870, dutsen ya yawaita, kamfanin De Beers da aka kafa a 1888 ya mamaye kasuwarsa. Da ciniki ya ja baya a Amurka, sai kamfanin ya ɗauki wani kamfanin talla a 1938, aikinsa kawai ya cusa wa samari cewa girman dutse shi ne ma'aunin girman ƙauna. A 1947 wata ma'aikaciyar wannan kamfanin talla mai suna Frances Gerety ta ƙirƙiro shahararren taken nan da ke danganta daimon da dawwama. Daga baya tallan ya koma yana gaya wa saurayi ya kashe albashin wata biyu a kan zobe. Ku lura, ba malamin coci ne ya yanka wannan farashi ba, ba kuma dattawan gari ba; mai sayar da kayan ne da kansa. Hatta zoben namiji bai zama ruwan dare a Amurka ba sai lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da sojoji ke tafiya da shi don tunawa da iyalinsu.

Ke nan abin da ake miƙo mana da sunan tsohuwar al'adar soyayya, gauraye ne na shaidar ciniki irin ta Rumawa, da ibadar coci, da dabarar 'yan kasuwa wadda ba ta kai shekara ɗari ba.

To mene ne matsayinmu? Musulunci bai ƙi zobe ba. Manzon Allah (SAW) ya yi zoben azurfa lokacin da zai aika wa sarakuna wasiƙu, aka gaya masa ba su karanta takardar da ba hatimi. An zana sunansa da manzancinsa a kai cikin layi uku. Bayansa zoben ya koma hannun Abubakar, sannan Umar, sannan Usman, Allah Ya yarda da su, har ya faɗa rijiyar Aris a Madina aka neme shi aka rasa. Wannan zobe na aiki ne da ado, ba a taɓa danganta shi da aure ba.

Game da zoben aure kansa malaman zamani sun saɓa. Shaikh Ibn Baz ya ce bai san masa asali a Shari'a ba, barinsa ya fi. Shaikh Ibn Usaimin ya tsananta musamman ga wanda ya ƙudurce cewa zoben ne ke riƙe da soyayya, cire shi kuma na jawo rabuwa, domin wannan ya shiga babin jingina tasiri ga abin da Allah bai sa masa tasiri ba. Hukumar fatawa ta Masar kuwa, inda wannan zobe da suke kira dibla ya daɗe da zama al'adar gari, tana ganin halal ne in an kiyaye sharuɗɗa, tunda ya fita daga alamar addini ya koma al'adar mutane.

Ni a nawa ganin, raba mas'alar gida biyu ya fi sauƙi. Miji ya saya wa matarsa zobe kyauta, ko ya sa shi cikin lefe, ko ma ya zama shi ne sadakin, wannan babu mai ja da shi. Zinari halal ne ga mata, kyauta kuma tana ƙara danƙon zumunci. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da zoben wani rukuni, har amarya ta ji aurenta bai cika ba sai an zura mata shi a gaban masu ɗaukar hoto. Aurenmu waliyyi ne da shaidu da sadaki da siga. In waɗannan sun cika da hantsi a ƙofar gida ko a masallaci, to babu abin da ya rage wanda za a ƙarasa da daddare a zauren biki.

Wanda ya ce lallai sai ya saya, ga abubuwan da ba saɓani a kansu ko kuma saɓanin kaɗan ne. Namiji ba ya sa zinari. Muslim ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa Annabi (SAW) ya ga zoben zinari a hannun wani mutum, ya cire ya jefar, ya kamanta shi da garwashin wuta. Da aka ce wa mutumin ya ɗauki abinsa ya amfana da shi, ya rantse ba zai ɗauki abin da Manzon Allah ya jefar ba. A nan ne samari da yawa ke faɗawa tarko, domin abin da masu shago ke kira farin gwal zinari ne tsantsa aka gauraya da wasu ƙarafa don launinsa ya yi fari. Mai karat 18 kashi 75 cikin ɗari nasa zinari ne, canjin launi kuwa ba ya canza hukunci. Saboda haka a tambayi mai shago ƙarara, a kuma duba lambar da aka buga a cikin zoben: 750 na nufin zinari mai karat 18, 925 kuma azurfa. A mazhabarmu ta Malikiyya an ƙayyade wa namiji zoben azurfa guda ɗaya wanda bai wuce nauyin dirhami biyu ba, wato wajen giram 6, kuma mai Risala ya fifita sa shi a hagu. An kuma hana namiji sa zobe a manuniya da yatsan tsakiya, kamar yadda ya zo a hadisin Aliyu (RA).

Sai maganar lokaci, wadda ta fi ta ƙarfe nauyi. Baiko alkawari ne, bai halatta komai ba. Saurayin da ya kama hannun budurwa ya sa mata zobe kafin ɗaurin aure ya taɓa matar da ba tasa ba, ko da iyaye na tsaye suna tafi. In kyautar ce ake so ta isa, ƙanwarsa ko gwaggonsa ta kai.

Wuri ɗaya da zobe ya fito fili a maganar aure cikin Bukhari da Muslim shi ne hadisin Sahlu ɗan Sa'ad. Wani sahabi ya nemi a aura masa wata mata, ba shi da komai. Annabi (SAW) ya tura shi ya nemo ko da zoben ƙarfe ne ya bayar sadaki. Ya je ya dawo bai samu ba. Ya ce zai ba ta rabin gyautonsa, aka nuna masa in ta ɗauka shi zai zauna ba sutura. A ƙarshe aka aura masa ita a kan surorin Alƙur'ani da ya haddace. Imam Shafi'i ya kafa hujja da wannan cewa sadaki ba shi da mafi ƙaranci, Imam Malik kuwa ya tsaya a kan rubu'in dinari ko dirhami uku, wanda shi ne abin da limamanmu ke lissafawa da farashin zinari a wajen ɗaurin aure har yau.

Wallahu a'alam.